Nana Asma'u 'Yar Shehu, Uwar Gari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, mu mutanen Katsina idan aka zo lissafin malaman da ƙasar nan ta yi, ba ma jin nauyin baki. Nan da nan za mu ambaci Wali Ɗan Takum, da Wali Ɗan Marina, da Wali Ɗan Masani, mu nuna wa baƙo hasumiyar Gobarau, mu gaya masa cewa tun kafin jihadi ake zuwa birnin nan neman ilmi. Duk wannan gaskiya ne. Amma da za a ce mu kawo sunan mace ɗaya cikin wannan jeri, sai a ga kowa yana sosa ƙeya. Wannan ne ya sa filin namu na wannan mako zai ƙetara zuwa Sakkwato, ya waiwayi tarihin wata baiwar Allah wadda kowa ya san sunanta, ga shi nan a jikin allunan makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai, amma idan ka tambayi mutum goma ko wace ce ita, da wuya ka sami wanda zai ƙara maka kome bisa cewa 'yar Shehu ce. Watau Nana Asma'u, 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi musu rahama.

An haife ta a Ɗagel, cikin ƙasar Gobir, a shekara ta 1793. Tagwaye aka haifa, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'adarmu da an kira ta Usaina, amma Shehu ya raɗa mata Asma'u, masana tarihi kuwa suna danganta wannan zaɓi da Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mahaifinta guzuri a lokacin hijira. Mahaifiyarta ita ce Maimuna, uwargidan Shehu, kuma 'yar'uwarsa ta jini. Maimuna ta rasu tun Asma'u tana ƙanƙanuwa, saboda haka ta tashi a hannun sauran matan gidan, musamman A'isha da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Daga nan ne shaƙuwarta da Bello ta samo asali, ko da yake ya girme ta da shekaru fiye da goma, wannan shaƙuwa kuwa ta yi tasiri a kan ayyukansu su biyun har ƙarshen rayuwarsa.

Gidan da ta buɗe ido a cikinsa gida ne da karatun mata ba baƙon abu ba ne. Ana ambaton mahaifiyar Shehu, Hauwa'u, da kakarsa Ruƙayya cikin mata masu ilmi. Yayar Asma'u, watau Hadiza, malama ce sosai, ita ce kuma mahaifiyar shahararren malamin nan Abdulƙadir ɗan Tafa. Shi kansa Shehu tun yana yawon wa'azi a ƙasashen Gobir da Zamfara yake barin mata su halarci majalisinsa, a ware musu nasu gefe. Har wani malami mai suna Mustafa Goni ya aiko masa da waƙa yana sukar wannan abu, Shehu ya umurci ƙanensa Abdullahi ya mayar da jawabi. Abin da jawabin ya ƙunsa shi ne, barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi fitowarsu wurin wa'azi muni, idan kuwa ɓarna biyu suka haɗu, ƙaramar ake ɗauka don kauce wa babbar. A cikin littafinsa Nurul Albabi kuma Shehu ya yi kakkausar magana a kan malaman da ke zama da almajirai safe da yamma suna karantar da su, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida ba su san hukuncin alwala da salla ba. Ya nuna cewa irin wannan karantarwa neman suna ce kawai, domin wanda ke ƙarƙashinka shi ya fi cancanta ka fara da shi. Wannan magana an rubuta ta fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, amma wanda ya karanta ta yau sai ya ɗauka da wani maƙwabcinsa ake.

To, a cikin wannan hali Asma'u ta ɗauki allo. Ta haddace Alƙur'ani, ta karanta fiƙihu da tauhidi da tarihin Annabi da luggar Larabci, ta kuma sha daga tasawwufin ɗariƙar Ƙadiriyya wadda mahaifinta yake kai. Ta tashi da Fillanci a matsayin harshen gida, ta ƙware a Larabci da Hausa, tana kuma jin harshen Azbinawa.

Ba ta fi shekara goma sha ɗaya ba sa'ad da Sarkin Gobir Yunfa ya matsa wa jama'ar Shehu, har suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu cikin watan Fabrairu na 1804. Mai karatu ya san labarin yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, amma yawanci ta fuskar mazaje ake ba da shi, wane ya riƙe tuta, wane ya ja daga. Ba a cika tunawa da cewa mata da yara suna cikin wannan tafiya ba. Sun ga nasarar Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, sun kuma ga musibar Tsuntsuwa a ƙarshenta, inda aka rasa mutum wajen dubu biyu, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin ɗari biyu. Suka sha yunwa da cuta a hanya, suka zauna Sabon Gari cikin Zamfara, kana suka isa Gwandu, inda bayan karon Alwasa abokan gāba suka zo har bakin gari. Duk wannan yarinyar nan ta gan shi da idonta, tana tafiya a ƙasa, ana ɗauke da littattafan mahaifinta daga zango zuwa zango. Da ta girma ta zuba labarin wannan tafiya cikin doguwar waƙa ta Fillanci a 1839, wadda ƙanenta Isa ya mayar Hausa daga baya, ita ce aka sani da Waƙar Gewaye, masu binciken tarihin jihadi kuwa har yanzu suna komawa gare ta.

A cikin waɗannan shekaru na wahala, wajen 1807, aka ɗaura mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello. A daidai wannan lokaci ne mu a nan Malam Umarun Dallaji da abokansa masu tuta suka karɓi birnin Katsina. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. Shehu ya zauna Sifawa, sa'an nan ya komo Sakkwato a 1815, ya rasu a can cikin watan Afrilu na 1817.

Da Bello ya zama Sarkin Musulmi, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Ga Asma'u ke nan tana da shekara ashirin da huɗu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, 'yar Shehu. Da ta so, da ta zauna cikin ɗaki a riƙa kawo mata gaisuwa, ba wanda zai ga laifinta. Amma aikin farko da ta sa a gaba shi ne tattara littattafan mahaifinta da tsara su. Mai karatu ya tuna cewa littafin wancan zamani warƙoƙi ne a sake, ba ɗinki, ana ajiye su cikin gafaka, ga gara, ga ruwan sama, ga shekarun da suka yi ana yawo da su a bayan raƙuma. Wanda zai gane wace warƙa ce ta wane littafi, ya gane inda aka sami giɓi, lalle sai wanda ya san abin da ke cikin littattafan ciki da bai. Wani kaso na abin da muke karantawa yau na rubuce-rubucen Shehu, albarkacin irin wannan hidima ce ya iso gare mu.

Aikinta na farko da aka sani shi ne Tanbihul Gafilina, da Larabci, a 1820, a kan halayen da ke kai mutum ga tsira da bin sunnar Annabi. Bayansa da shekara biyu, a wani lokaci da Gobirawa da Azbinawa suka taso wa Sakkwato, Bello ya bar mata wata waƙa da ya gina a kan haruffan ayar nan ta Suratu Alam Nashraha mai yin bushara da sauƙi tare da tsanani, ita kuma ta mayar masa da tata da Fillanci a kan waɗannan haruffa. Ka ji irin zumuncin gidan, ana cikin fargabar yaƙi, wa da ƙanwa suna ƙarfafa wa juna zuciya da Alƙur'ani a cikin baitoci. Daga nan alƙalaminta bai huta ba har shekara arba'in da 'yan kai, abin da ya tsira na ayyukanta kuwa ya haura sittin.

Abin lura shi ne yadda take zaɓen harshe. Idan da malamai take magana, ko baƙi masu ilmi, sai ta yi Larabci. Idan da danginta da jama'ar Shehu na asali ne, sai Fillanci. Idan kuwa tana nufin talakawa, mutanen karkara da matan cikin gidaje, sai ta yi Hausa, ta rubuta da ajami, ta sa ma'aunin da zai yi daɗin rerawa. Ta san cewa mafi yawan waɗanda take nufi ba za su taɓa riƙe takarda ba, abin da kunne ya ji baki ya maimaita shi ne littafinsu. Domin haka ne ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin wata gajeriyar waƙa, da Fillanci a 1829, da Hausa a 1838, yadda mace tana daka ko kaɗi za ta iya riƙe su. Haka nan a 1831 ta mayar da waƙar mahaifinta Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗin masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa game da zalunci da cin haƙƙin mutane. Fassara wannan waƙa zuwa harshen da talaka ke ji, a lokacin da danginta ne ke riƙe da mulki, ba ƙaramin abu ba ne, domin ta miƙa wa talaka ma'aunin da zai auna shugabanninsa da shi. Ba ta kuma tsaya ga fassara ba. Sa'ad da aka tuɓe Ɗan Yalli daga sarautar Yabo saboda munin tafiyar da al'amuransa, ta yi waƙa tana gode wa Allah, tana bayyana laifinsa a fili.

A nan ya kamata mu tsaya mu dubi matsalar da ta fi damunta, domin ita ce ta haifi babban aikinta. Yaƙi ya ƙare a bisa takarda, amma ƙasa ba ta zauna ba. Sarakunan da aka kora ba su haƙura ba. Zuriyar sarakunan Katsina na dā sun koma arewa sun kafa Maraɗi, Gobirawa ma suna nan da ƙarfinsu, kowace rani sai an kai hari ko an tare hari. A 1836 aka yi babban karo a Gawakuke, inda Bello ya fuskanci taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa, aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda. Asma'u ta yi waƙa a kan wannan nasara. (Mu Katsinawa idan muna karanta wannan babi sai mu yi shi da sanyin murya, domin waɗanda ke can da waɗanda ke nan duk 'yan'uwan juna ne, har yau kuwa ana auratayya tsakanin Katsina da Maraɗi.) Abin da irin waɗannan yaƙe-yaƙe suka bari shi ne ɗimbin zawarawa da marayu, da kuma mata kamammu da aka shigar cikin gidajen Musulmi a birane da ribaɗoɗi. Waɗannan mata sun zo da abin da suka sani, watau bori. A Gobir akwai Inna, a Maraɗi akwai Iya, manyan mata ne na gidan sarauta masu faɗa a ji, su ne kuma shugabannin 'yan bori. Macen da ɗanta ke zazzaɓi, ko naƙuda ta yi mata tsanani, ko kishiya ta hana ta barci, ta san inda za ta ta sami mai saurarenta. Su ne kuwa masu renon 'ya'yan da za su gaji daular.

Malami namiji ba shi da hanyar shiga wurin waɗannan mata, doka da bulala kuma ba sa cire abin da ke cikin zuciya. Asma'u ta gane cewa ba a raba mutum da abin da ya dogara da shi sai an ba shi madadinsa. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwani da Larabci, inda ta tattara abin da ya zo na neman waraka da kariya ta hanyar surorin Alƙur'ani da addu'o'i, domin masu ilmi su sami abin da za su ba mai ciwo da mai ciki da mai damuwa a maimakon girka. Sa'an nan ta kafa tsarin da ya fi kome ɗaukaka sunanta, watau 'Yan Taru.

Ga yadda abin yake. A kowane ƙauye akan sami dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda Asma'u za ta naɗa shugabar matan wurin, ana kiranta jaji, kamar dai jagoran ayarin fatake. Alamar naɗin ita ce malfa da jan rawani da ake ɗaura mata. Masana sun lura cewa irin wannan malfa tana cikin kayan girman Innar Gobir, ashe ke nan Asma'u ta ɗauki alamar da matan ƙasar suka riga suka sani suna girmamawa, ta juya ta zuwa hidimar ilmi. Idan kaka ta yi, aka gama aikin gona, sai jaji ta tara ayarinta su kamo hanya a ƙasa zuwa wurin Asma'u. Ba kowace mace ke tafiya ba. Tsofaffi ne waɗanda suka wuce haihuwa, da 'yan mata ƙanana waɗanda ba su isa aure ba. Matan aure suna gidajensu, sai dai su ba da saƙon sadaka, hatsi ko zuma ko man shanu ko zare ko ƙyalle, su kuma ba da tambayoyinsu. Idan ayari ya iso, Asma'u takan karɓe su, ta saurari matsalolinsu, ta warware musu hukunci, ta koya musu waƙoƙi har su zauna a bakinsu, ta yi wa 'yan matan addu'a. Kayan da suka kawo kuwa a raba wa makafi da kutare da sauran mabukata. Su koma gida, jaji ta bi gidaje tana karantar da matan da ba su sami zuwa ba.

Dubi hikimar da ke cikin wannan tsari. Ba a gina makaranta ba, ba a nemi kuɗin baitulmali ba, ba a kuma ba wani miji hujjar cewa an fitar masa da mata ba, amma karatu ya shiga har ƙuryar ɗakinta. Abin da ake koyarwa kuma bai tsaya ga alwala da salla da azumi ba. Ana horon 'Yan Taru da duba marasa lafiya, da taimakon mai haihuwa, da wankan gawar mace, da sulhunta masu faɗa, da share masallaci, da kyautata wa maƙwabta. A waƙoƙinta irin su Goɗaben Gaskiya da Sharuɗɗan Ƙiyama ba ta sassauta harshe ba wajen siffanta azabar da ke jiran mai shirka da mai zalunci da mai annamimanci, kamar yadda a Begore ta zuba ƙaunar Annabi da tarihinsa cikin lafazi mai taushi. Da tsoratarwa da kwaɗaitarwa duka ta yi aiki, kamar sauran masu wa'azin zamaninta.

A ganina, inda Asma'u ta fi nuna kanta shi ne a waƙoƙin da ta yi game da mata. Bello ya rubuta Kitabun Nasiha, inda ya kawo labarin salihan mata na farkon Musulunci, ya nemi ta mayar da shi waƙa. Ta yi da Fillanci a 1836, ta yi da Hausa a 1837, ita ce Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Ta fara da matan Annabi da 'ya'yansa, ta bi da irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra da Sayyida Nafisa ta Masar, kana ta gangaro har gida, ta jera matan jama'ar Shehu, irin su Joɗa Kawuri, da 'Yar Hindu, da Habiba, waɗanda aka sani da karatun Alƙur'ani da karantarwa da sasanta mutane. Ma'anar wannan jeri a fili take. Tana gaya wa matar ƙauye cewa silsilar nan da ta faro daga Nana Hadiza da Nana A'isha ba ta yanke a ƙasar Larabawa ba, ta iso har unguwarsu, ƙofarta kuma a buɗe take.

Haka kuma marsiyyoyinta. Mun saba a ƙasar Hausa waƙar yabo ta sarakuna ce da jarumawa da masu dukiya. Asma'u ta yi wa manya marsiyya, ta yi wa Bello da ya rasu a Wurno a 1837, ta yi wa mijinta, ta yi wa 'yan'uwanta. Amma ko a kan Bello, abin da ta fi tsayawa a kai shi ne ilminsa da adalcinsa da tausayinsa ga talakawa da baƙi. Sa'an nan ta yi wa matan da ba su da sarauta ba su da dukiya. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, wadda ta yaba da haƙuri da kyautata zumunci. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke zuwa wurin mata masu naƙuda, take wanke gawa, take karantar da waɗanda ba su sani ba. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, wadda ta yi shekaru tana jawo ayarin mata zuwa gare ta. Ba domin waɗannan waƙoƙi ba, da babu wanda zai san an yi waɗannan bayin Allah a duniya. Ta rubuta sunayensu da tawada ɗaya da wadda ta rubuta sunan Sarkin Musulmi.

A zamanin nan mutane iri biyu ne ke jan rigar Nana Asma'u. Akwai masu son su mayar da ita tamkar 'yar gwagwarmayar ƙasashen Turai, mai faɗa da maza da al'ada. Wannan bai yi daidai da tarihinta ba. Matar aure ce mai tsare mutuncin ɗakinta, ta haifi 'ya'ya maza shida, ba ta riƙe wani muƙami na mulki ba, ta kuma rayu cikin al'umma mai bayi da ƙwaraƙwarai ba ta ce za ta rushe wannan tsari ba. Duk abin da ta yi, a cikin shari'a ta yi shi, da hujjar shari'a. Akwai kuma masu yabonta da baki a kan mumbari, amma a gidajensu suna yin ainihin abin da mahaifinta ya yi tir da shi. Waɗannan sun fi ba ni tsoro, domin sun fi yawa. Mutum ya cire 'yarsa daga makaranta ya ɗora mata farantin talla, tana yawo tsakanin tasha da bakin kasuwa har bayan magariba, in ka yi magana ya ce karatun mace ba shi da amfani, ko ya ce yana tsare mata tarbiyya ne. Wani kuma ya hana matarsa zuwa Islamiyyar dare da ke bayan gidansa, shi bai koya mata ba, bai kuma kawo mai koya mata ba. Sa'an nan idan matar tasa ba ta da lafiya ya shiga neman likita mace ido rufe, bai tambayi kansa 'yar wa yake so ta yi wannan karatu ba. Ko a nan Katsina, tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko aka buɗe wa 'yan mata makaranta, ba a kuwa ce Sarki ya bar addini ba.

Shekarunta na ƙarshe shekaru ne na rashe-rashe. Giɗaɗo, wanda bayan rasuwar Bello ya ja jiki daga hidimar mulki ya duƙufa kan rubuta tarihin Shehu da na Bello, ya riga ta rasuwa da fiye da shekara goma. Ƙawarta A'isha, matar Bello, ta rasu, ta yi mata marsiyya mai ratsa zuciya. Ɗanta Abdulƙadir, wanda ya gaji mahaifinsa a waziranci, shi ma ya riga ta. Ta ga zamanin Sarakunan Musulmi huɗu bayan mahaifinta, watau Bello, da Abubakar Atiku, da Aliyu Babba, da Ahmadu ɗan Atiku, ta zama ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage waɗanda suka ga Ɗagel da idonsu. Mutane suka riƙa kiranta Uwar Gari. Sunanta ya kai har ƙasar Shingiɗi, can yammacin Sahara, malaman da suka biyo ta Sakkwato daga wannan nahiya sun yi musayar takardu da baitoci da ita cikin Larabci. Ba ta ajiye alƙalami ba, domin Dalilin Samuwar Allah, waƙarta ta tauhidi da Hausa, a 1861 ta yi ta, tana dab da shekara saba'in.

Allah Ya karɓi ranta a 1864, aka rufe ta a Hubbare, kusa da kabarin mahaifinta a Sakkwato. Ƙanwarta Maryamu ta ɗauki ragamar 'Yan Taru, bayanta kuma wasu matan gidan suka ci gaba, har tsarin ya ƙetare zuwan Turawa a 1903, mata suna ta zuwa Hubbare da jajinsu. Ƙanenta Isa, autan Shehu, ya mayar da da yawa daga waƙoƙinta na Fillanci zuwa Hausa. Waziranci kuma ya zauna a zuriyarta, har ya iso ga Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, a hannunsa ne kuwa aka sami mafi yawan rubuce-rubucenta a adane. Shi ya buɗe wa wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, wannan taska, ta fitar da tarihin Asma'u da Turanci a 1989, sa'an nan ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga tarin ayyukanta a 1997, da matanin asali da fassararsa.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya jiƙan iyayenta da malamanta da jajinta, Ya haskaka kaburburansu, amin.